Amsa: jakar barci da shimfiɗa ga mai yawo da keke lokacin zafi

Sannu ɗan'uwa. Ka tambayi wace jakar barci (bargo mai kamar buhu da ake shiga ciki a kwana a waje) da wace shimfiɗa marasa nauyi za ka ɗaura a keke lokacin zafi. Ni dai shawarata ka fara da shimfiɗar. Sanyin dare ta ƙasa yake shigar mutum, domin nauyinka yana danne cikon jakar da ke ƙarƙashinka har ya daina riƙe ɗumi. Duba lambar R da ke jikin shimfiɗar, wato ma'aunin yadda take tare sanyin ƙasa, 2 ta wadatar. Mai hurawa ta fi taushi, kuma in ka naɗe ta ba ta wuce gorar ruwa ba, amma ƙaya ɗaya ta gama da ita, saboda haka kada faci ya bar aljihunka. Ta soso ba ta fashewa, sai dai cin wuri.

Jaka kuwa, nemi wadda ma'aunin jin daɗinta, wato yawan sanyin da za ka iya barci cikinta ba takura, yake wajen digiri 10 na Celsius. Lambar da ta fi ƙanƙanta cikin ma'aunan sanyin da ke jikin jakar ta tsira da rai ce kawai, kada ta ruɗe ka. Mai gashin agwagwa ta fi rashin nauyi, wasu ba su kai giram 600 ba, amma da ta jiƙe ta tashi aiki. Tawa sai na cusa ta cikin leda kafin ta hau keke.