Ga ƙanena mai son karatun likitan bakwaini

Ƙanena, saƙonka ya iso lafiya. Ka ce ka kusa gama karatun likita a Damagaram, kana son zuwa Faransa ka yi bincike kan yadda magunguna ke taɓa gudun jini a ƙwaƙwalwar bakwaini, amma wasu sun ce maka wahalar banza ce tunda ba mu da na'urori a gida. Ni dai ban bi bayansu ba.

Babba ko jininsa ya hau ko ya sauka, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa kan daidaita kansu. Jaririn da aka haifa kafin mako 32 kuwa wannan ƙarfin bai gama zuwa masa ba, jijiyoyin kuma sirara ne ƙwarai. Jini ya yi yawa su fashe, ya yi kaɗan ƙwaƙwalwa ta rasa iska. Yawancin zubar jinin a kwana 3 na farko yake faruwa, daidai lokacin da muke ta ɗura masa magani.

Ka san jijiyar nan da ke haɗa manyan hanyoyin jini biyu kusa da zuciya, wadda ya kamata ta toshe bayan haihuwa. In ta ƙi, akan ba da indometasin, shi kuma yana rage jinin da ke hawa kai, balle in an tura shi cikin gaggawa. Ibuprofen bai cika yin haka ba, shi ya sa wurare da dama suka koma kansa, wasu kuma parasitamol. Ga abin ɗaure kai: indometasin ɗin nan in an ba da shi tun da wuri yana rage mummunar zubar jini a ƙwaƙwalwa. Har gobe manyanmu na gardama a kai.

Maganin ɗaukewar numfashi ma haka. Aminofilin da aka fi samu a asibitocinmu yana rage gudun jinin na ɗan lokaci, kafeyin ma yana yi, amma babban binciken da aka buga a 2006 kan jarirai wajen 2,000 ya nuna kafeyin na rage ciwon huhu mai daɗewa.

To, saurin tura allura ba ya buƙatar na'urar miliyoyi, agogo da haƙurin ma'aikaciyar jinya kawai yake so. Duba ƙwaƙwalwa kuma da ekografi, wato hoton nan irin wanda ake yi wa masu juna biyu, ake yi ta maɗiga, abin da hannunka zai iya koya ya koma da shi gida.

Shawarata, ka fara shiga ƙwarewar likitan yara tukuna, sannan ka nemi DFMS, wato shirin horon ƙwarewa na Faransa ga likitocin ƙasashen waje, ta nan likitocinmu da yawa ke shigowa. Takardu na cin lokaci, albashin farko kuma haya ce ke lashe shi, kar wani ya ruɗe ka. Kafin nan ka sayi littafi, duk bakwainin da ya biyo ta hannunka ka rubuta nauyinsa, makonninsa, maganin da aka ba shi da minti nawa aka ɗauka ana turawa. In ya kai wata 6 ka turo mini mu duba tare.

Ka gaida su Inna da mutanen Birni.