Rediyon kwamfuta da gajeren zango: tambayoyinku da amsoshinsu

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato rediyon nan da ake jonawa da kwamfuta, wanda masu harkar ke kira SDR. Ma'anarsa rediyo ne da manhaja ke yin mafi yawan aikin da a da tarin ƙarafa da wayoyi ke yi a cikin akwati. Na zaɓi guda shida.

Tambaya: Malam, na ga wata 'yar na'ura mai kama da filashi, ana ce mata RTL-SDR. An ce da ita zan ji tashoshin duniya a gajeren zango. Ita ce mafi araha da na gani. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara sanin asalinta. Wannan 'yar na'ura don kallon talabijin a kwamfuta aka ƙera ta, sai a wajen 2012 wasu masu son tone-tonen kayan lantarki suka yayata cewa ƙwaƙwalwar Realtek da ke cikinta za ta iya zama rediyo. Matsalar ita ce yawancinsu daga megahaz 24 suke fara ji zuwa sama, shi kuwa gajeren zango tsakanin megahaz 3 ne da 30. Ka ga ke nan kusan duk abin da kake nema yana ƙasa da inda kunnenta ya fara. In dole sai ita, nemi samfurin RTL-SDR Blog V4 da ya fito a 2023, don shi an saka masa abin da ke ɗaga ƙananan zanguna zuwa inda zai ji su. Wanda ya gabace shi, wato V3, shi ma yana kamawa ta wata dabara, amma yakan kawo maka tasha a inda ba nan take ba.

Ni dai wanda nake turawa mutane gare shi in gajeren zango ne kawai a ransu shi ne Airspy HF+ Discovery. Yana ji daga can ƙasa har megahaz 31, kuma ba ya ruɗewa in babbar tasha ta zauna kusa da ƙarama. Aibinsa shi ne faɗin da yake nuna maka a lokaci guda bai kai megahaz 1 ba. Wanda kuma ke son na'ura ɗaya da za ta ji komai, daga kilohaz 1 har gigahaz 2, ta kuma nuna masa faɗin da ya kai megahaz 10 a allo, sai ya duba RSP1A ko RSP1B na kamfanin SDRplay. A kula da jabu, don akwai masu kwaikwayonsa, kuma manhajar kamfanin ba don su aka yi ta ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, buɗe shafin WebSDR na Jami'ar Twente da ke ƙasar Holan, wato rediyon da kowa ke iya juyawa ta intanet, ko ɗaya daga cikin rediyoyin KiwiSDR da mutane suka bari a buɗe a intanet. Ka yi mako guda kana juyawa kyauta. In bayan makon har yanzu barci bai ɗauke ka a gaban allon ba, to harkar taka ce.

Tambaya: Na sayi RSP1A sabo fil. Na jona masa 'yar eriyar ƙarfe mai zugewa, na ajiye ta a kan tebur kusa da kwamfuta. Ba na jin komai sai shuuu da wata ƙara kamar ta keken ɗinki. Ina ganin an cuce ni. Wanne ne ya fi shi tsada da inganci in canza?

Amsa: Malam, ba wanda ya cuce ka. Ka sayi ingarman doki ka ɗaure shi a cikin ɗaki, sannan kana kukan ba ya sukuwa. Irin wannan wasiƙa ce ta fi kowace yawa a wajena, kuma ita ce ta fi ci mini rai, don na san mutane nawa ne suka jefa rediyo mai kyau a aljihun tebur suka bar harkar gaba ɗaya saboda abin da waya mai tsawon mita 15 za ta gyara. Don haka zauna, yau sai ka ji ta duka.

Kalmar "mita 31" ko "mita 49" da ake faɗa a rediyo ba ado ba ce. Tsawon igiyar saƙon ke nan a sararin sama. Eriyar da za ta kama igiyar mita 31 da kyau tana son ta kai kamar kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tsawon, kusan mita 8. Taka mai zugewa ko mita ɗaya ba ta kai ba. Saƙon da ya taso daga wata nahiya, ya bugi rufin sararin sama da ake kira ayonosfiya, ya dawo ƙasa, wataƙila ya sake tashi ya sake dawowa, a gajiye yake isowa gidanka. Kai kuma ka tare shi da tsinke.

Wannan ma ƙaramin laifi ne. Babban shi ne inda ka ajiye tsinken. Ƙarar keken ɗinkin da kake ji ba daga wata ƙasa take zuwa ba, daga ɗakinka take. Cajar waya, cajar kwamfuta, ƙwan fitila na LED, talabijin, inbata ta wutar sola, na'urar raba intanet, kusan duk suna yanka wutar lantarki sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya don su canza ƙarfinta, kuma kowane yanka yana fesa ƙara a kan gajeren zango. Kowace caja mai araha 'yar tashar rediyo ce da ke watsa shara, kuma ta fi kowace tashar duniya kusa da eriyarka. Rediyon da ya fi naka tsada zai ji wannan shara ne da kyau fiye da yadda naka ke ji. Kuɗi ba ya raba ka da ita.

Ga gwajin da nake sa kowa ya yi, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi shi bai riƙe baki ba. Cire cajar kwamfutarka ta koma kan batir. Buɗe manhajar, ka tsaya a wajen megahaz 9.5, wato zangon mita 31, ka kalli zanen nan mai zubowa daga saman allo kamar ruwa. Sai ka sa wani ya kashe babban makunnin wutar gidan. Na tuna ranar da na fara yin haka: allon da ya cika da launin rawaya da layuka a jere kamar haƙoran mataji ya koma shuɗi tas a take, sai ga siraran layuka uku sun bayyana a inda nake zaton ba kowa. Na danna na tsakiya, sai ga muryar mai karanta labarai, a hankali amma sarai. Da aka maido da wuta na bi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya ina cirewa. Mai laifin wata cajar waya ce da ke maƙale a bayan kujera, ba ma waya a jikinta. Ita kaɗai ta rufe mini kusan zangon mita 31 duka. In kana da ƙaramin rediyo mai batir, saka shi a inda ba tasha, ka zagaya gidan da shi. Duk inda ƙarar ta tashi, nan ɓarawon yake.

Bayan ka kama masu laifi, fitar da eriyar waje. Waya mai rufin roba, mita 10 zuwa 20, a ɗaure ta sama gwargwadon iko, nesa da bangon gida. A shigo da saƙon ta kebul mai sulke irin na talabijin, kada a ja wayar tsirara har bakin kwamfuta, don duk abin da ta wuce ta gefensa sai ta kwaso ƙararsa. A tsakanin wayar da kebul ɗin a sa 'yar na'urar daidaitawa da ake kira unun, mai rabon 9 da 1. Kebul na USB kuma a maƙala masa 'yan zobban nan na ferayit masu rage ƙara a bakinsa biyu, a kuma nisanta akwatin rediyon daga kwamfutar. Wanda ba shi da fili, kamar mazaunin bene, ya nemi eriya mai zobe irin su YouLoop ko MLA-30. Amfanin zobe shi ne ana juya shi, kuma akwai kusurwar da in ka kai ta sai ƙarar maƙwabcinka ta yi ƙasa, tashar ta fito.

Abu biyu ba na wasa da su. Kada wayar eriya ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayar wutar lantarki, ko da kuwa ba su taɓa juna ba, don iska ba ta shawara da kowa. In kuma hadari ya haɗo, a cire eriyar daga rediyon tun kafin a fara walƙiya.

Sai kuma ranar da ka ɗaura doguwar wayar, kada ka ja ma'aunin ƙarfin kamu zuwa ƙarshe, don na san abin da hannunka zai fara yi ke nan. Idan ƙarfin ya yi yawa na'urar takan cika ta tumbatsa, sai ka riƙa jin tashar matsakaicin zango ta garinku tana leƙowa a wurare goma a kan gajeren zango. Rage shi har waɗannan tashoshin ƙarya su ɓace. RSP1A ɗinka yana da matacin da ke danne matsakaicin zango da FM a cikinsa, kunna shi daga manhajar. Ka yi duk wannan na wata guda. In bayan nan kana da sauran kuka da akwatin, ka sake rubuto mini.

Tambaya: An yi mini tayin tsohon Icom PCR-1000. An ce a zamaninsa ba kamarsa.

Amsa: A zamaninsa, wato ƙarshen shekarun 1990. Shi da Ten-Tec RX-320 rediyoyi ne na gargajiya da kwamfuta ke juyawa kawai ta tsohuwar kafar RS-232, wadda kwamfutarka ba ta da ita. Za ka sayi mahaɗi, ka yi fama da tsohuwar manhaja, kuma tasha ɗaya za ka riƙa ji ba tare da ganin zangon a buɗe kamar yadda SDR ke nunawa ba. In kyauta ne karɓa ka yi wasa da shi. In da kuɗi ne, bar shi.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta. Waya za ta yi?

Amsa: 'Yar'uwa, in Android ce za ta yi. Kebul na OTG mai jona kayan USB da waya, RTL-SDR V4, da manhajar SDR++ ko SDR Touch. Batir zai sha wuya, wayar za ta yi zafi, kuma kada ki saurara tana kan caji.

Tambaya: Da rana ina kama wata tasha a megahaz 17 da ɗoriya, da dare sai ta ɓace. Na'urar ce ke lalacewa da daddare?

Amsa: Malam, na'ura ba ta san dare ba, sararin sama ne ya sani. Hasken rana ne ke ƙarfafa rufin da ke maido da saƙo ƙasa, don haka da rana zanguna masu yawan megahaz ke tafiya nesa, irin su mita 19, 16 da 13, kuma tasharka ta megahaz 17 a mita 16 take. Da rana ta faɗi sai ka sauko mita 31, 41 da 49. Ban da haka, tashoshin ba su kwana a wuri ɗaya. Kowace tana da sa'o'inta, kuma manyan gidajen rediyo suna sauya jadawalinsu sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Sauke jadawalin EiBi mai jera tashoshin gajeren zango da sa'o'insu, ka tuna cewa da agogon UTC, wato GMT, aka rubuta shi, ka lissafa bambancinsa da naka sau ɗaya ka manna a gefen allo. Sannan ka sayi littafi na takarda ka riƙa rubuta rana, lokaci, zango da yadda ka ji. Ni ba na zama gaban rediyo ba tare da nawa ba, kuma bayan wata uku shi zai riƙa gaya maka inda za ka juya kafin ka tambayi kowa.

Tambaya: A wajen megahaz 7.1 da 14.2 ina jin mutane suna magana kamar agwagi. Wane yare ne wannan?

Amsa: Ba yare ba ne, masu rediyon sha'awa ne ke hira da junansu ta hanyar SSB, wato salon aika murya da ya bambanta da na tashoshin AM, kai kuma ka bar manhajar a kan AM. SSB iri biyu ne a manhajar: a 7.1 danna maɓallin LSB, a 14.2 danna na USB, sai ka matsa kaɗan-kaɗan har agwagwar ta zama mutum.