Jimmy Carter da fatsarsa

Malam ka tambaya wai da gaske Jimmy Carter, tsohon shugaban ƙasar Amurka, na kamun kifi? Wallahi gaskiya ne, lokacin da yake raye fatsa yake yi, irin wadda ake ɗaura wa ƙugiyar gashin tsuntsu ta zama kamar ƙwaro, a wurga saman ruwa kifi ya taso ya cafke, kuma da hannunshi yake ɗaurawa. Shi da matarsa Rosalynn sun sha zuwa rafin Spruce Creek a Pensilbaniya. Abin da ya fi burge ni, yana gwamnan Jojiya ya hana a datse kogin Flint, sannan a 1980 yana shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar da ta kare daji sama da eka miliyan 100 a Alaska. Ya rasu Disamban 2024 yana da shekara 100, rasuwar ta taɓa ni sosai.