Tashin hankali da ciwon jijiya: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk maganarsu ɗaya ce, masu zaune da ciwon ƙwaƙwalwa ko na jijiya shekara da shekaru suna tambayar yadda damuwa ke tayar musu da shi.

Tambaya: Likita mahaifina na da cutar Parkinson (ciwon ƙwaƙwalwa mai sa karkarwar jiki), in ya shiga mutane ko ransa ya ɓaci sai karkarwar hannun ta ƙaru har kofi baya iya riƙewa. Ciwon ne ke ci gaba?

Amsa: Ba lallai ba ne Malam. Fargaba na sa jiki ya saki sinadarin adrenaline, shi kuma yana ƙara karkarwa, in hankali ya kwanta sai ta lafa. Ku daina zuba masa ido kuna hanzarta shi, kuma a ba shi maganinsa na levodopa kan lokaci. In ya fara faɗuwa ko yana ƙwarewa wajen haɗiya, to ku kai shi asibiti.

Tambaya: Duk ranakun aiki lafiyata ƙalau, sai ranar hutu ciwon ɓarin kai ya kwantar da ni. Me ke jawo haka?

Amsa: Sananne ne. Damuwa in ta sauka lokaci ɗaya, ga lokacin barci ya canza, sai ciwon ya taso. Ki riƙe lokacin kwanciya da tashi ɗaya ko da ranar hutu ce. Sannan ki ƙirga min, in kina shan paracetamol ko ibuprofen har kwana 15 a wata, ko masu codeine kwana 10, maganin da kansa zai koma yana jawo ciwon kan. Ciwon kai da ya zo kwatsam da ƙarfin da baki taɓa ji ba, ko da mutuwar ɓarin jiki ko karyewar harshe, wannan asibiti ne nan take.

Tambaya: 'Yata shekararta 19, tana da farfaɗiya tun tana ƙarama, ta shekara biyu bata faɗi ba sai lokacin jarabawa ta faɗi sau biyu. Dangi sun ce ai tunani ne kawai ba ciwo ba, a daina maganin tunda shi ke kashe mata jiki, wata ƙawarta kuma ta bata tramadol wai ta samu natsuwa. Ya zan yi?

Amsa: Hajiya wannan saƙon naki ya tsaya min a rai. Dan Allah kar a daina maganin nan, ko na kwana ɗaya. Dangi sun ga abu na gaskiya amma sun yi masa mummunar fassara. Eh, tashin hankali na cikin abubuwan da masu farfaɗiya suka fi ambata cewa yana tayar musu da ciwon, sai dai ba shi ya haifar da shi ba. Farfaɗiya wutar saƙonnin ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa lokaci ɗaya, magani shi ke riƙe da ita kamar madatsar ruwa, damuwa kuma ta ƙara ruwan. To in ruwa ya ƙaru ai ba rushe madatsar za a yi ba.

Ki duba yadda lokacin jarabawa yake ga yarinya, tana karatu har ƙarfe 2 na dare, ta tashi ido ja jur, ta fita da gudu ta manta ƙwayar safe a kan tebur, gabanta na faɗuwa wuni guda, sinadarin cortisol da damuwa ke saki ya cika jiki. Rashin barci shi kaɗai ya isa ya kayar da mai farfaɗiya, tsallake magani ya ma fi shi, balle su haɗu duka. Ki tambaye ta a hankali ba da faɗa ba, sau nawa ta manta maganin a satin nan, sau da yawa amsar tana nan.

Dakatar da maganin farfaɗiya kai tsaye yana iya jawo faɗuwar da bata tsayawa, ɗaya bayan ɗaya ba farfaɗowa, kuma wannan yana kisa wallahi. In kasala ko yawan barci maganin yake sa ta, ku koma wajen likitanta, akwai magunguna da dama irin su carbamazepine da levetiracetam, ana iya canzawa ko a gyara adadin. Shi levetiracetam ma yana sa wasu saurin fushi, ku faɗa wa likita in kun ga haka. In kuma sodium valproate take sha, lallai a yi maganar ciki tun kafin ya samu domin yana iya cutar da ɗan tayi, amma shi ma ba a dainawa da ka.

Tramadol kuwa, haba jama'a! Maganin da shi kansa yake jawo faɗuwa ko ga wanda bai da farfaɗiya, shi za a ba mai farfaɗiya don ta natsu? Ku raba ta da shi, in kuma ta ɗan jima tana sha ku gaya wa likita ya nuna yadda za a janye shi. Haka ƙwayoyin barci da ake saya ba takardar likita.

In ta faɗi, ku kwantar da ita ta gefe, ku sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta, ku duba agogo. Kar a cusa cokali ko yatsa a baki, kar a ɗura mata ruwa ko wani jiƙo, kar a danne ta, na gaji da ganin karyayyun haƙora da huhun da ruwa ya shiga. In ya wuce minti 5, ko ta sake faɗuwa bata dawo hayyacinta ba, asibiti da gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. 'Yarki ta riga ta yi shekara biyu lafiya, za ta iya komawa haka in sha Allah. Ku je asibiti cikin satin nan, ku kuma gaya wa likita in tana yawan kuka ko ta janye daga mutane, domin ciwon damuwa na yawan tafiya da farfaɗiya kuma yana da magani.

Tambaya: Ina da multiple sclerosis (ciwon da garkuwar jiki ke lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka), bayan rasuwar yayana ƙafata ta sake yin nauyi kamar da. Sabon tashi ne?

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya baka haƙuri. Baƙin ciki, zazzaɓi, zafin gari ko ciwon fitsari duk suna dawo da tsofaffin alamu na ɗan lokaci ba tare da sabuwar illa ba. Amma in alamar sabuwa ce, ko ta wuce awa 24 ba zazzaɓi, kar ka zauna kana jira, ka kira likitanka a duba ka har da gwajin fitsari.