Dalilin da ya sa hoton ya dushe a kan shuɗiyar riga

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa hoton da ka buga ya fito tas a kan farar riga, amma da ka ɗora irinsa a kan shuɗiya sai fuskar mai hoton ta rine, rubutun kuma ya kusa ɓacewa. Laifin ba na firinta ba ne. Takardar ɗora hoto a riga da ka ɗauka ta tufafi masu haske ce, kuma abin da ke riƙe tawada a jikinta wata leda ce siririya wadda ake hango abin da ke bayanta. Firintar tawada irin tamu ba ta da farin launi, duk inda hoto yake da fari sai ta tsallake wurin, rigar ce take cike gurbin. Shi ya sa farin ido da haƙora da farar hula suka ɗauki launin rigar, ruwan ɗorawa kuwa da ya hau kan shuɗi ya koma kore. Wannan takarda ta farar riga ce, ko mai ruwan madara, ko ruwan toka mai haske sosai. Riga mai duhu tana da tata takardar daban, mai farin bango, wadda ake ɗorawa fuskarta na kallon sama.

Ita ta masu haske kifa ta ake yi a kan riga, don haka wajibi ne ka juya hoton a kwamfuta kamar yadda yake fitowa a madubi, in ba haka ba sunan amarya zai fito a baibai. Bayan tawada ta bushe, ka bi gefen hoton da almakashi kurkusa, domin duk ledar da ka bari babu tawada za ta manne a riga ta bar wani sheƙi mai tauri, kuma shi ne abin da idon mai kaya yake fara kamawa.

Kafin ka ɗora, ka danne rigar ita kaɗai da injin matse riga mai zafi na ɗan lokaci don danshi ya fita, musamman da damina. Yawancin takardun nan suna son zafi tsakanin digiri 175 zuwa 190 a ma'aunin Celsius, na daƙiƙa 15 zuwa 30, da matsi mai ƙarfi, amma ka karanta kwalin, domin shi zai gaya maka ko da zafi ake ɓare bayan takardar ko sai ta huce. Idan dutsen guga kawai gare ka, ka kashe tururi, ka shimfiɗa rigar a kan katako mai tauri, ka sa nauyin jikinka, ka fi daɗewa a gefuna, don daga nan hoto yake fara tashi.

Rigar auduga ta fi karɓarsa. Ka kuma gaya wa mai kaya ya bari a kwana ɗaya kafin wanki, ya juya rigar ciki waje, ya wanke da ruwan sanyi ba tare da bilic ba, kada kuma ya ɗora dutsen guga kai tsaye a kan hoton.