Tambaya da Amsa: Na karanci ƙirar jirgin sama, amma zuciyata na wajen motocin tsere

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni matashi ne ɗan shekara 24 daga Kaduna. Na kammala digirin farko a fannin injiniyancin jiragen sama, yanzu ina bautar ƙasa. Tun ina yaro ba abin da ke ɗauke min hankali irin tseren motoci na Formula 1, kuma burina in yi aiki a cikinsa. Da na faɗa wa mahaifina sai ya ce, “Shekara biyar kana karatun jirgi, ka ƙare a bakanike?” Shin karatuna zai yi min rana a can, ko na ɓata hanya? Ta ina zan fara?
Daga wani mai karatu, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya albarka a karatu.

Bari mu fara kawar da abu ɗaya. In tuƙi kake nufi, wannan kam ta wuce. Dubi manyan direbobin Formula 1: Lewis Hamilton yana ɗan shekara 8 ya fara tseren ƙananan motocin yara, Max Verstappen kuwa yana da 17 ya shiga Formula 1 a 2015, kuma kafin yaro ya kai nan iyayensa ko masu ɗaukar nauyinsa sun zubar da dukiya mai yawa. Amma daga yadda ka yi maganar karatunka, na ɗauka ƙirar motar kake so. To a nan ba ka ɓata hanya ba. Da wuya a samu digirin da ya fi naka dacewa.

Ka faɗa wa Baba, cikin ladabi, labarin Adrian Newey. Abin da ka karanta shi ya karanta a Jami'ar Southampton ta Ingila, ya gama a 1980, ya wuce kai tsaye ƙungiyar tsere ta Fittipaldi. Motocin da ya zana sun ci kambun duniya a ƙungiyoyin Williams da McLaren da Red Bull, a 2025 kuma ya koma Aston Martin. Dalilin da ya sa irinsa ke da daraja a wannan sana'a shi ne, motar Formula 1 fiffiken jirgi ce da aka kifa. Na jirgi yana ɗaga shi sama, na mota yana danna ta ƙasa domin taya ta kama kwalta, direba ya sha kwana da gudun da motar gida za ta wuntsila. A 1968 aka fara ɗora wa motocin fukafukai. A 1977 da 1978 kamfanin Lotus ya zo da dabarar siffanta ƙarƙashin motar yadda iska za ta ratsa da sauri ta tsotso ta zuwa ƙasa, har Mario Andretti ya ci kambun 1978 da ita. A 1981 McLaren ta fito da motar da aka yi gangar jikinta da zaren kabon, wani abu mai ƙarfi sosai amma mara nauyi, kuma wani kamfanin kayan jiragen sama na Amurka, Hercules, shi ya taya su haɗa ta. Ka ga ke nan tun asali a gidanku suke aron wuta.

Sai dai kada ka ɗauka da kwalin nan kaɗai za a buɗe maka ƙofa. Akwai abubuwan da ajin jirgi bai koya maka ba. Jirgi yana tafiya cikin iska mai tsabta, nesa da ƙasa, da siffa sumul. Motar tsere tana tafiya ƙasanta na neman goge kwalta, ga manyan tayoyi huɗu a buɗe suna juyawa suna dagula iskar. Rabin aikin fiffiken gaba shi ne sarrafa wannan dagulalliyar iskar kada ta shiga ƙarƙashin motar ta ɓata komai. Sannan motar ba ta zama wuri ɗaya: a taka birki hancinta ya duƙa, a sha kwana ta karkata, man da ke cikinta ya ragu ta ɗan tashi, kuma kowane ɗan sauyi na milimita kaɗan yana sauya ƙarfin dannawar. Abin da ya faru a 2022 ya isa misali. An dawo da dabarar tsotso ta ƙarƙashi, sai motoci suka riƙa tsalle-tsalle a miƙaƙƙiyar hanya: iska ta ja motar ƙasa, ta matso kwalta har iskar ta shaƙe, motar ta tashi, iskar ta sake kamawa. Manyan ƙungiyoyi masu ɗaruruwan injiniyoyi sun sha wuya kafin su shawo kansa. Saboda haka dole ka ƙara da ilimin taya, da sifirin da shokozoba, da yadda nauyi ke kai-komo a jikin mota.

Shi kansa aikin, mafi yawansa ba a filin tsere ake yi ba. A masana'anta ake yi, gaban kwamfuta ko a ɗakin gwajin iska. Can za ka tarar da samfurin mota wanda doka ta ce kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na girman ta gaske, an rataye shi a kan bel mai gudu kamar hanya, iska na bugunsa da saurin da bai wuce mita 50 a daƙiƙa ba. Lokacin gwajin ma a ƙididdige yake, kuma tun 2021 ƙungiyar da ta zo ƙarshe ta fi zakara samun lokaci. Shi ya sa ba sa son mai harbi a duhu, suna son wanda zai ce “wannan ɓangaren zan sauya, ga dalilina” kafin a kunna fanka. In ka taɓa lura a ranar atisaye an shafa wa mota wani koren fenti mai ruwa-ruwa, ba ado ba ne. Motar na gudu iska na jan fentin yana bushewa, ya bar zane-zane. Ta dawo gareji a ɗauki hoto, injiniya ya zauna ya kwatanta da abin da kwamfuta ta yi hasashe. Inda layukan suka tafi a jere, iska ta manne. Inda fentin ya taru ya cakuɗe, nan ta rabu da jikin motar.

Sai maganar wuri, wadda ita ce mai ɗaci. Wannan sana'a cibiyarta Ingila ce. Red Bull na Milton Keynes, Mercedes na Brackley, Williams na Grove, Aston Martin na Silverstone, McLaren na Woking. Ferrari ce ke Maranello a Italiya. Rabon Afirka da tseren Formula 1 tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993. Hanyar da ɗalibi daga waje ya fi bi ita ce digiri na biyu na shekara ɗaya a can: Cranfield da Oxford Brookes suna da kwas na injiniyancin motocin tsere, Southampton na da na musamman kan iskar motar tsere. Kuɗin makaranta ga baƙo yana da nauyi ƙwarai, don haka neman tallafin karatu ya zama aikinka na farko. Ka kuma karanta dokokin biza da kanka a shekarar da za ka nema, domin suna yawan sauyawa, kuma ba kowane kamfani ke yarda ya tsaya wa baƙo takardar aiki ba. In Allah ya kai ka, ranar farko ka nemi ƙungiyar Formula Student ta jami'ar. Gasa ce da ɗalibai ke ƙera ƙaramar motar tsere da hannunsu su kai ta filin tsere na Silverstone, kuma masu ɗaukar aiki suna tambaya a kanta sosai, don a nan ake gane wanda ya taɓa zana abu, ya haɗa, ya karye, ya gyara.

Wannan shekarar ta bautar ƙasa kada ta tafi a banza. Sauke manhajar OpenFOAM, kyauta ce, da ita ake kwaikwayon tafiyar iska a kwamfuta. Kada ka fara da cikakkiyar mota. Akwai wata siffa mai kama da akwati da aka saɓe wa baya, ana kiranta jikin Ahmed, da sunan masanin da ya gwada ta a Jamus a 1984. Sakamakon gwajinta a buɗe yake ga kowa. In karkatar bayan ta kusa digiri 30, turjiyar iska tana hawa sosai, da ta wuce nan sai ta faɗo kwatsam. Gwada ka gani ko lissafinka zai kama wannan, in bai kama ba ka rubuta dalili. Sannan ka yanka zaren ulu guntu-guntu, ka manna da salatif a gilashin baya da but ɗin motar gida, wani ya tuƙa a hanyar da ba cunkoso, a ɗauki bidiyo daga motar da ke biye. Zaren da ya kwanta da wanda ke rawa za su nuna maka abin da koren fentin nan ke nunawa. Haɗa duka a rahoto mai shafi kaɗan. Ni a ganina wannan ya fi takardun shaidar kwasa-kwasan intanet guda goma. Ka kuma ƙware a Python ko MATLAB, waɗanda ake rubuta lissafi da su a kwamfuta, da manhajar zane irin CATIA ko NX.

Kada ka kafe a kan Formula 1 kaɗai. Akwai tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa, da Formula E ta motocin lantarki, da tseren daji irin Safari na Kenya da Dakar, wanda a da yake ratsa Agadas da Tenere kafin ya bar Afirka, yanzu tun 2020 a Saudiyya ake yi. Akwai kuma ƙananan kamfanonin da ke yi wa ƙungiyoyi birki, giya da kayan kabon, kuma mutane da yawa ta nan suka shiga. Ka sani kuma aikin akwai matsi, dare da ƙarshen mako ba naka ba ne in lokacin fitar da sabuwar mota ya ƙarato, sabon shiga kuma yakan shafe watanni a kan ɓangaren da bai fi tafin hannu ba.

In aikin jirgi ya fito maka a gida bayan bautar ƙasa, karɓe shi. Shekara biyu ko uku kana aiki da kayan kabon, ko gwajin ƙarfin ƙarfe, ko bin tsauraran ƙa'idojin inganci na jiragen sama, abu ne da ƙungiyoyin tsere ke girmamawa a takardar neman aiki, ga shi kuma za ka tara wani abu na kuɗin makaranta. In ka gama gwajin jikin Ahmed, turo min sakamakon ta adireshin mujalla mu duba tare.