Kada ki cire matar nan daga labarin

'Yar'uwa, kin ce masu duba littafinki na kasada sun ce soyayyar jarumin da matarsa tana rage wa labarin gudu, har kina tunanin cire ta ki bar zallar tafiyar hamada da faɗa da 'yan fashi. Wallahi kin fama mini gyambo.

Littafina na biyu haka wani edita ya yi mini, ba zan kama sunansa ba. Ya bi da jan biro ya soke duk inda matar ta fito, wai masu karanta kasada ba kukan mata suka zo ji ba. Sokewar ma da sauƙi. A gaban wasu marubuta ya zaro shafi ɗaya ya shiga karantawa yana maƙale murya, yana dafe ƙirji, su kuma suna ta ƙyaƙyata dariya. Shafin nan a bakin gadon asibiti na rubuta shi, mijina na kwance ko magana ba ya iyawa. Ina zaune ina murmushin dole, hannuna na rawa a ƙarƙashin tebur. Har yau in na ga jan biro sai gabana ya faɗi. Mawallafin ya bi ta editan, littafin ya fito a haka. Kin san tambayar da masu karatu suka dame ni da ita? Wai me ya hana jarumin littafin kwanciya ya mutu ya huta, wa zai koma ya tarar? Editan kuwa ko a jikinsa, har gobe yana nan yana koya wa yara rubutu.

Ki duba waɗanda suka tsira da gaske. A 1930 Henri Guillaumet, Bafaranshe mai tuƙa jirgin wasiƙu tsakanin Cile da Ajantina, ya faɗi a tsaunukan Andis, ya yi kwana 5 yana tafiya cikin dusar ƙanƙara. Abokinsa marubuci Saint-Exupéry ya ba da labarin cewa akwai lokacin da ya kwanta ya sallama, sai ya tuna in ba a ga gawarsa ba, matarsa za ta jira shekara 4 kafin a biya ta kuɗin inshora. Ya miƙe don ya kai kansa wani dutse inda za a tsinci gawar in ƙanƙara ta narke. Da ya miƙe kuwa bai tsaya a dutsen ba. Babu kalaman zuma ko ɗaya a nan, takardar inshora ce, amma ni ban taɓa karanta soyayyar da ta kai wannan ba. Haka hatsarin jirgin sama na 1972 a tsaunukan nan, mutum 45 a jirgi, 16 suka rayu bayan kwana 72. Ɗaya daga cikinsu, Nando Parrado, da ya rasa mahaifiyarsa da ƙanwarsa a can, ya ce son mahaifinsa ne ya riƙa jan ƙafarsa a tafiyar kwana 10 da shi da abokinsa suka yi neman taimako.

Amma fa kada in ɓata miki masu dubawar gaba ɗaya, wataƙila akwai abin da suka gani. Mutumin da ya kwana biyu babu ruwa a hamada, harshensa ya kumbura, yawu ya ƙafe, fitsarinsa ya yi duhu, kansa na sarawa, tunaninsa ya fara rikicewa. Da wuya ya wuce kwana 3 a zafin nan. In kika sa irin wannan ya zauna yana jero wa matarsa baitoci shafi uku, ni ma zan tsallake. Ki bar shi ya kasa tuna muryarta, hankalinsa ya tashi. Ko in tare suke, ki sa ya kai gorar bakinsa ya yi kamar ya sha, ya miƙa mata, ita kuma ta gane daga nauyin gorar, ta yi shiru. Ki gwada cire matar a zuci: in babu shawara ɗaya ta jarumin da ta canja, to gaskiyarsu, ado kika yi da ita, sai ki koma ki ba ta aiki.

Kuma don Allah ki adana asalin rubutunki a wuri biyu kafin ki miƙa wa kowa. Ki sa a rubuta a yarjejeniya cewa ba za a taɓa ko layi ɗaya ba sai kin gani kin yarda. Nawa babu wannan sharaɗin, shi ya sa ko da na je da kukana aka nuna mini sa hannuna.

Ki turo mini babin da suka fi kuka da shi in karanta, sai dai ki yi haƙuri da ni, ba ni da saurin karatu kwanan nan.